Rabin Maganar Zulfa

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga Yayana Nu'uman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Rahma da yara duka. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan Sabo muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana, an kuma gyara rufin ɗakin Inno da ke yoyo. Ita Innon tana nan da ƙarfinta, kullum tana bakin kwandon goro tana tsincewa, hawan jinin ne dai muke lallaɓawa. Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na ba direban motar albasa da zai koma Gusau ne, domin a 'yan kwanakin nan ba na son in sa muryata a cikin waya.

Yaya, ka san zaman da nake yi da 'yan mata a tsakar gidanmu ranar Lahadi bayan la'asar. Na fara shi ne don na ga a aji yaran nan kowa magana take yi, ba mai sauraro. Ɗaya na buɗe baki, wata ta riga ta shirya amsa. Sai na kawo musu tsari mai sauƙi. Kowa ta ajiye wayarta a cikin kwano a bakin ƙofa. Inno tana ba mu farin goro ƙwaya ɗaya, wadda goron ke hannunta ita kaɗai ke da magana. In ta yi shiru a tsakiya, a jira ta. Wadda za ta karɓa kuma, sai ta fara maimaita abin da 'yar'uwarta ta faɗa, har mai maganar ta ce haka take nufi, sannan ta kawo nata. Da farko dariya suka yi ta yi, suna zolayar juna da Yarabanci, suna cewa Malama Khadijat ta mai da su tsofaffi masu cin goro. Amma a hankali na ga yaran da ba sa iya haƙurin jimla ɗaya sun koyi zama shiru, har suna tambayar juna ko sun fahimta daidai. Wallahi Yaya, ban taɓa yin wani aiki da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

Watan jiya Mairo ƙanwarmu ta ce tana so ta riƙa zama da mu. Na yi murna ƙwarai, na ce ga babba ta biyu. Ta roƙe ni in bar mata wayarta a hannu saboda maigidanta yana iya kira daga kasuwar Shasha. Na bar mata, don ban ga dalilin da zan binciki 'yar'uwata ba.

A cikin yaran akwai Zulfa, 'yar Malam Ɗanliti. Ba lallai ka tuna shi ba, shi ne mai rumfar tumatir a Shasha da ya rasa komai lokacin rikicin kasuwar, ya koma dako a unguwar Mokola. Yarinya ce mai ƙoƙari amma ba ta cika magana ba, goron yakan wuce ta hannunta ba ta ce komai ba. Ran nan muna zancen iyaye sai ta riƙe shi. Ta ce bayan rikicin ta daina yin Hausa a makarantarsu ta boko. Ta ce wata rana suna tahowa da ƙawayenta ta shatale-talen Mokola, ta hango babanta da buhu a ka, gumi ya jiƙa masa riga, sai ta kau da kai ta wuce kamar ba ta san shi ba. Daga nan muryarta ta ɗauke, ta fara kuka. Yaya, da ka ga yaran nan. Ba wadda ta motsa, ba wadda ta ce mata kash ko haba. Suka jira ta. Da ta samu numfashi ta ce tun ranar ba ta ƙara cin abincin da ya sayo da kuɗin dako ba tare da ya tsaya mata a wuya ba, kuma ta kawo maganar ne don a koya mata yadda za ta nemi gafararsa. Wata a cikin yaran, Ihsan, ita ta karɓi goron, ta maimaita mata duka, har Zulfa ta ce haka ne. Muka tsaya a kan za ta same shi ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci, ta faɗa masa da bakinta.

Ba a kai Juma'ar ba. Ranar Talata muryar Zulfa ta fito a zauren matan unguwa na waya, daga inda ta ce ta daina yin Hausa zuwa inda ta kau da kai. Nan aka yanke. A ƙasa an rubuta cewa a zo a ji abin da ake koya wa 'ya'yanmu a gidan Malama. Lambar da ta turo shi ta Mairo ce. Na duba na sake dubawa, ina neman yadda za a yi ta zama ba tata ba. Kafin azahar 'yan okada masu haya da babur a bakin masallaci sun ji, abokan dakon Malam Ɗanliti sun ji.

Na je gidansa. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Ya ce ai ya gan ta ranar, shi ma ya juya fuskarsa ne don kada ta ji nauyi a gaban ƙawayenta, kuma ya bar abin a cikinsa shekarun nan, ko uwarta bai gaya wa ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne yanzu duk Sabo ta sani, kuma a bakin 'yarsa aka ji. Na ce masa maganar ba nan ta ƙare ba, na faɗa masa sauran. Ya yi murmushi ya ce ni malamarta ce, dole in rufa mata asiri, ya gode. Bai yarda ba, Yaya. Bai dake ta ba, bai zage ta ba, amma ya hana ta zuwa wurina, kuma uwarta ta ce in ta gaishe shi yana amsawa ne ba tare da ya ɗago ba. Da zan fita Zulfa ta raka ni zaure. Abin da ta ce kawai shi ne, na yi musu alkawari duk wadda ta fara magana za a bar ta ta ƙarasa.

Na sami Mairo a gidanta. A hanya na yi ta gaya wa kaina cewa abin da nake koya wa yara ba zan kasa yi wa 'yar'uwata ba. Na ce ta faɗi nata, ba zan katse ta ba. Ta ce maigidanta ma ya yi asara a Shasha, ta ga yadda maza suka koma kamar ba su ba, kuma da ta ji yarinya tana cewa ta wuce ubanta a titi, jininta ya tafasa. Ta ce mu ba a rene mu muna zaunar da yara su tona cikin gida a gaban mutane ba. Na maimaita mata duka, ban rage ba, ban ƙara ba, har ta ce haka ne. Kuma gaskiya akwai abin dubawa a ciki. Da ta kawo mini shi a zaune, da na saurara, wataƙila ma da na gyara wani abu. Sai na tambaye ta ko ta ji sauran maganar Zulfa. Ta ce ta ji, yana ma cikin wayar. Na ce to yanzu ta saurari tawa maganar. Ta miƙe ta ce tana da tukunya a wuta.

Wannan ne ya fi ci mini rai. Da a ce ta tashi a tsakiyar zaman ne cikin fushi, da na ce ba ta ji ƙarshen ba. Tana zaune aka yi kukan, tana zaune Ihsan ta maimaita, har ta shafa kan Zulfa da za a watse. Lahadin da ta wuce yara kaɗan ne suka zo. Goron ya zagaya ya dawo hannuna, kowa ta ce ba ta da abin faɗa.

Ban gaya wa Inno ba saboda jininta. Tun rasuwar Baba kai ne babba, kuma Mairo ba ta tsallake maganarka. Ba na so ta saki sauran muryar, wannan ta Zulfa ce, an watsa mata abin da ya isa. Abin da nake roƙo shi ne ta taka da ƙafarta zuwa gidan Malam Ɗanliti, ta gaya masa abin da 'yarsa ta ce a ƙarshe, ta ba su haƙuri, ta goge abin a gabansu. Ita da ta yanke maganar ita kaɗai zai gaskata. Ko zaman nawa bai sake tashi ba zan haƙura, in dai mutumin nan zai ɗago ya dubi 'yarsa.

In ka kira ta, don Allah kada ka fara da faɗa. Ka bar ta ta kai ƙarshen maganarta. Ni ma ka sa ni a addu'a, domin jiya ta aiko wa Inno da dambu, har da kwano na daban da sunana, kuma yana nan a rufe yadda aka kawo shi.

Ka gaishe mini da Anti Rahma, da Manniru, da Zulaihat, da Abubakar Sadiq mai sunan Baba. Inno tana gaishe ku, ta ce goron da ke tare da takardar nan na Anti Rahma ne, kada ka taɓa. Allah ya bar zumunci, ya shirya mana zukatanmu.

Ƙanwarka,
Khadijat.