Inna Ta Ɗauka Ba Na Jin Hausa

Assalamu alaikum masu karatun wannan fili. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Ghana ce, haifaffiyar zangon Kumasi, Hausa na sha a nono. Na zo Kano 'yan watanni bayan soja sun miƙa mulki, na nemi aikin koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Tarauni. Mai makarantar ya ce shi 'yan Ghana yake ɗauka don ba sa jin Hausa, dole yara su yi musu Turanci. Ya tambaye ni ko ina ji. Na tuna wahalar da na baro a gida, sai na girgiza kai. Yau shekara guda da rabi ke nan ban samu bakin warware wannan ƙarya ba.

Makarantar ta sama mini ɗaki a Gyadi-Gyadi, gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Jikokinta biyu a ajina suke, don haka ko a gida ba ni da damar sakin baki. Da farko abin dariya yake ba ni. Yara su kira ni Malama Dokunu a gabana, da sunan tuwon masarar nan na Ghana, kwandastan bas ya yi gulmar ɗaurin ɗankwalina, ni kuwa in yi fuskar shanu. Inna ce ta saba mini da gari. Ita ta koya mini cin tuwo da miyar kuka, ta nuna mini mai niƙa, har Hausa take koya mini. Ta ɗaga ludayi ta ce, “Ce lu-da-yi, 'yar nan.” In karkace harshe da gangan, ta yi ta dariya har da hawaye. Wace irin mutum ce ni?

Wata la'asar muna gyaran zogale a tsakar gida, ta ce, “Ke kam kin huta, ba ki ji ba balle ki kai gaba.” Daga nan ta buɗe mini cikinta. Ashe akwai ƙullutu a nononta na hagu tun kafin azumi, yanzu har ya fara ruwa. Ta ɓoye wa 'yarta Binta, wadda nas ce, saboda yayar Innar da aka yi wa aiki a asibiti ba ta dawo gida da rai ba. Tun ranar, duk la'asar sai ta faɗa mini inda ciwon ya kai, ni kuma in yi murmushi in ce, “Sannu, Inna,” kamar yadda ta koya mini.

Na gwada dabara. Na ce wa Binta da Turanci ina ganin Inna na ramewa. Ta tambaye ta, Inna ta ce zafin gari ne, aka sayo mata maganin ƙarin jini, shi ke nan. In kuwa na ambaci ƙullutun, Inna ta san mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya. Aikina zai tafi, wannan na haƙura. Amma da wane ido zan kalli matar da ta tuɓe mini sirrinta don ta amince ba na ji? In kuma na yi shiru ta mutu, me zan ce wa Allah?

Jiya ta riƙe hannuna, nata da zafi rau, ta ce, “Da kina jin Hausa, da na aike ki wurin Binta, don ni bakina ya kasa.” Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai ta ƙara da cewa, “Amma gara da ba kya ji, da ban sami wurin kuka ba.”

Na ce, “Sannu, Inna.”

Jibi Binta za ta zo gaishe ta. Jama'a, me zan yi?