Sun Sa Masa Ƙarya a Baki

Daren Laraba, Riruwai

Barci ya ƙi zuwa, kuma Sabo ne ya jawo, ɗan cikina. Ya zo daga Kwanar Dangora da waya, wai ya samo mini fim ɗin Indiyan da na gani zamanin haƙar kuza. Fim ke nan, ba irin na yanzu ba. Mutum ya kai arba'in, duniya ta ishe shi, aljana ta ɗauke shi ta mai da shi saurayi. A ƙarshe ya durƙusa gabanta yana kuka, sai ga shi a gida wajen matarsa.

Lokacin babu fassara, ba ma jin Indiyanci. Amma ni na san roƙo yake a mayar da shi gida. Haka nake ba matata, marigayiya Ladi, labarin duk ranar da muka saɓa, har ta yi dariya ta ce, "Malam, kai wace aljanar za ta kwasa?"

Yau an sa masa Hausa a baki. Wai cewa yake, "Kada ki mayar da ni wajen tsohuwar nan."

Sabo har da ƙyaƙyatawa: "Baba, ashe korarsa aka yi!"

Na ce ya kashe, ya fice mini daga ɗaki. Yaran nan masu fassara, da ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin, su za su gaya mini abin da ya ce? Ni na ga idon mutumin.

Ladi da nawa labarin ta tafi. Ba mai zuwa kabari ya canja mata shi.