Bokitin Kwanson da Aka Ware

Harlowton, Montana
Farkon Agusta

Zuwa ga ƙanena Arlo,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Lorna da 'yan shanun da suka rage maka. Ni dai gwiwa na ciwo, haƙuri ya ƙare, sauran lafiya lau.

Sabon kwanson harsashi ya iso, wanda zan ɗura wa albarushi da hannuna, don farautar barewarmu ta bana. Iri biyu na saya. Ɗaya na ƙetare ne, cikin akwati mai kyau kamar na zoben aure. Ɗayan namu ne na gida, an zubo shi a leda kamar gyaɗa. Merle mai kanti ya ce mini, "Farfesa, ɗauki na ƙetaren ka huta mana. Wannan ba ya bukatar gyara. Hannun nan naka ai ya yi aikinsa." Na ce, "Merle, kai da ba ka bambance tagulla da gwangwanin wake, miƙo mini duka biyun ka yi shiru."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Na bi na ƙetaren a sikeli ɗaya bayan ɗaya, nauyi bai saɓa ba. Kaurin wuya daidai ta kowane gefe, ramin wuta na gindi a tsakiya cif. Na gida kuwa, wani baki ya lotsa, wani ya fi tsawo, wani raminsa cike da ɓurɓushin ƙarfe. Sai na mayar da na ƙetaren kan kanta. Abin da ba ya bukatar mutum, ni ma ba na bukatarsa. Karatun ƙarfen da na yi, da shekarun da na kashe a ɗakin gwajin masana'antar tagulla kafin su rufe ta su sallame mu da agogon bango, ba za su ƙare a buɗe akwati ba.

Na gidan nake gyarawa. In miƙe baki, in datse tsawo, in kankare rami, in auna. Wanda ya fita daga sahu in jefa shi bokitin warewa kamar kullum. Sanar da ni ranar da za mu fita.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Wendell

*

Kaycee, Wyoming

Yaya Farfesa,

Mun gode, muna gaisuwa. Lorna ta ce har yanzu kana rubutu kamar mai ba da lacca.

Kada ka wahalar da kanka da nawa bana. Na sayi harsashin kamfani a garin Casper, ya ishe ni. Farautar ma ban tabbata ba, shingen kudu ya zube, ga ciyawa ba a gama tarawa ba. Ka sa wayar nan a soket, don Allah, mutane na nemanka.

Naka, Arlo

*

Harlowton

Arlo,

Gaisuwa, tunda an koya mana ita.

Shingen kudu tun muna samari yake zubewa, bai taɓa hana ka hawa mota ba. Bar wannan. Mu yi maganar harsashin kamfani.

Ka san ƙa'idar masu wannan sana'a ta ɗura harsashi kamar yadda na sani: mai hankali ba ya harba abin da wani ya ɗura, kuma ba ya ba wani nasa. Duk gundumar nan babu wanda na taɓa ba ko guda. Limamin cocinmu ya roƙa, na hana shi. Kai kaɗai ne, tun shekarar da muka binne Baba, kake sa abin da hannuna ya ɗura kusa da fuskarka ka ja kunama ba tambaya. Da masana'anta ta kore ni, da matata Irene ta kwashe kayanta, wannan bai canja ba.

Yanzu ka aiko mini da layi huɗu. Faɗa mini a fili. Idona ne? Rawar hannu ce Merle ya ba ka labari? Hannun yana rawa a kan kofin kofi, a kan sikeli ba ya yi. Zo ka tsaya a kaina ka gani.

Naka zan ɗura. In ka ga dama ka harba, in ka ga dama ka zuba a rijiya. Waya kuma tana nan a cire.

Wendell

*

Kaycee

Zuwa ga Yaya Wendell,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Arlo bai san na rubuto ba, amma zan gaya masa da zarar na jefa takardar a gidan waya.

Ba hannunka ba ne, Yaya. A watan Yuni ya faɗi a bakin rumbu. An sa masa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fata, nan ƙasan kafaɗar hagu. Ka san ƙanenka bahago ne, daidai wurin yake kafa gindin bindiga. Likita ta ce naushin da bindiga ke yi baya idan an harba, a wannan kafaɗar, ya haramta gare shi har abada. Ta dama kuwa, ta ce babu laifi idan ciwon ya warke, muddin naushin ba mai ƙarfi ba ne.

Na ce masa, "To sai ka koma dama." Ya ce, "Lorna, da furfurata zan koma ɗan koyo? Wendell na tsaye a bayana yana gyara mini gwiwar hannu? Gara a ce na mutu." Na ce, "An kusa faɗa ai, tsoho mai taurin kai."

Babu wani harsashin kamfani da ya saya. Ya faɗa ne don kada ka zauna kana kankare kwanso saboda mutumin da ba zai harba ba. Ya yi alƙawarin sayar wa maƙwabcinmu bindigar ranar gwanjon shanu, ƙarshen watan nan. Jiya na gan shi yana shafa mata mai a gareji, bai ji shigata ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Lorna

*

Harlowton

Auta,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu, tunda ba ka ga dama na yi maka ita a asibiti ba.

Idan ka sayar da bindigar nan, zan bi maƙwabcin har gida in karɓo ta, kuma sai duk Kaycee ta ji dalili. An karɓe mini aiki, an karɓe mini gida, ba a tambaye ni ba. Watan Oktoba kuwa, watan farautarmu, ba zan miƙa shi ga wani batir da aka dasa maka a ƙirji ba.

Ga yadda za a yi. Zan ɗura maka mai sauƙin naushi, barewa ba giwa ba ce. Za ka koma dama. Idon hagunka zai yi gardama, sai mu manna ɗan salatif a gilashin tabarau ta wannan gefen. Za ka yi ta kuskure, zan yi ta dariya, za ka zage ni. Wannan duk ba sabon abu ba ne.

Koyo yana cin harsashi da yawa, kuma ba zan ɓata zaɓaɓɓun kwansona a kan gwangwani ba. Sai na jawo bokitin warewa daga ƙarƙashin benci. Ka sha yi mini ba'a a kansa, wai ina tara shara. Na juye shi, na duba kowanne a gaban haske, mai tsaga na matse shi da filaya na yar. Sauran babu abin da ya same su, nauyinsu ne kawai bai zo ɗaya da na 'yan uwansu ba. Na gyara su duka. Za su tashi.

Zaɓaɓɓun suna gefe, na ranar barewa. Ko a bakin gonar ciyawa za mu zauna jikin mota, kai za ka harba.

Ba zan taso ba sai ka ce in zo. Ƙa'ida ce, ba a cusa wa mutum harsashi.

Ka gaida Lorna, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan.

Yayanka, Wendell

*

Kaycee

Farfesa,

Gaisuwa. Na gaya wa maƙwabci ya nemi wata.

Zo ranar Asabar da bokitinka. Lorna ta tara gwangwani. Idan ka taɓa mini gwiwar hannu, a gareji za ka kwana.

Arlo