Matata Ba Ta Iya Kiran Sunan Ɗanmu a Gaban Mutane

Assalamu alaikum Malama Ruƙayyatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban gama firamare ba, faci nake yi a bakin tasha a Gwaram.

Ɗanmu na fari, Iliyasu, ya kusa shekara uku. Ranar haihuwarsa an sha doguwar naƙuda, da ya fito kuma bai yi kuka da wuri ba. Har yau ba ya magana, ba ya tafiya, zama ma sai an tokare shi da matashi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, daga baya dai muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce wahalar haihuwa ce ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ba iska ba ce, kuma in ana motsa masa gaɓoɓi ana yi masa magana kullum, zai samu ci gaba.

A can muka tarar da wasu mata masu yara irin namu, suna zama a ƙarƙashin darbejiya duk ranar ganin likita. Wata Hajiya Zahara'u ce ke jan ragamarsu, ita ma ta raini irin wannan ɗa har ya girma. Suna koya wa juna yadda ake zaunar da yaro, da yadda ake ba shi kunu kada ya ƙware. Farkon zuwanmu matata Bara'atu ta dawo tana fara'a, abin da na manta rabon da in gani.

Sai ran nan aka ce kowace uwa ta ɗora ɗanta a cinya, ta dubi idonsa, ta kira sunansa ta yi masa waƙa. To Malama, Bara'atu 'yar ruga ce daga wajen Yalwan Damai. A gidansu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane. Ga shi kuma sunan marigayi mahaifina ne. "Yaron nan" kawai take ce masa. Ina hange daga wajen mai shayi inda mu maza muke jira, na ga ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Wata a cikinsu, ina jin ba da mugunta ba, ta ce uwar da ke ƙyamar ɗanta ba za ta ga ci gaba ba. Tun daga ranar Bara'atu ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba.

Wallahi ba ta ƙyamarsa. Wata rana da hantsi na koma gida ɗauko gam, sai na hango ta ta ɓular zana, ta ɗora shi a cinya tana yi masa waƙa da Fulatanci, tana buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya musu. Shi kuma idonsa na bin bakinta, har yana ɗan gurnani. Ina yin gyaran murya ta ajiye shi a tabarma ta kama tsintar wake, kamar ba ta san shi ba. Kuma na lura muryarta ce yake juyowa da sauri in ya ji. Ni ko tafi na yi, sai ya ga dama.

Ana cikin haka mahaifiyata, Inna Kulu, ta aiko daga Farin Dutse. Ta ce ɗan fari na kaka ne, don rauninsa ta ƙyale mana shi har ya wuce yaye, amma da an gama girbi za ta zo ta ɗauke shi. Tana sonsa sosai. In ta zo sai ta yi ta tsokanarsa, wai wane irin miji ne wannan da ba ya kawo mata cefane, shi kuma ya yi ta wangale baki. Amma na san Inna. Za ta ƙosar da shi ta kwantar da shi a ɗaki don kada baki ya kama shi, zuwa Birnin Kudu kuwa ya ƙare ke nan. Bara'atu ko za ta mutu ba za ta ce a bar mata shi ba. Da na tambaye ta cewa ta yi a kai shi mana, sannan ta wuni ba ta ci abinci ba. Ni kuma ban taɓa ce wa Inna a'a ba. An riga an yanke gero, saura dawa. Yaya zan yi?

Mai faci, daga Gwaram

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Rubutunka bai da laifi, kuma idonka ya gano abin da mutane da yawa ba su gani ba.

Kada ka tilasta wa matarka. Kunyar da aka raine ta a kai ba riga ba ce da za ta tuɓe don an ce ta tuɓe. Su ma matan can ba su yi kuskure ba, yaro irin Iliyasu yana buƙatar a dube shi a kira shi. Sai dai abin da suke nema Bara'atu tana yin sa, a bayan zana. Ka je da kanka wajen Hajiya Zahara'u ka faɗa mata abin da ka faɗa mini. Macen da ta raini irin wannan ɗa za ta gane, za ta kuma san yadda za ta ja kunnen mai saurin baki, ta bar matarka ta riƙa kallo tana zuwa gida tana yi. Ku sa wa yaron laƙabin da bakin uwarsa zai iya faɗa, kowa a gidan ya riƙe shi. Kai kuma in ka hango su a kan tabarma, ka koma da baya ka ba su wuri.

Inna kuwa ba abokiyar gaba ba ce. Al'adar da ta ɗaure bakin uwa ita ce ta sake bakin kaka. Wasan da Bara'atu ba za ta iya yi a gaban jama'a ba, Inna za ta yi shi ko a tsakiyar kasuwa, kuma kai da kanka ka ce yaron yana yi mata dariya. Kada ka jira ta zo ɗauka. Ka je Farin Dutse kafin a yanke dawa, ka durƙusa ka roƙe ta ta raka ku asibiti zuwa na gaba, ita za ta riƙe mijinta a cinya, Bara'atu na gefe. Ta ji bayanin likita da kunnenta, ta ga 'ya'yan wasu da suka fara zama da tsayuwa. Daga nan ka nemi ta bar shi kusa da uwarsa saboda magani, ta riƙa zuwa tana kwana biyu, ku ma kuna kai mata shi. In ta ƙi, ka nemi wani babba da take jin nauyinsa. In ta kai ga sai ka ce mata a'a, ka faɗa da ladabi. Wannan nauyin naka ne, don matarka ba za ta iya ba.

Ka tambayi likita ko akwai buƙatar a gwada jin yaron, tunda ka ce ba kowace ƙara yake juyowa ba. Ka kuma leƙa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku ka ji ko akwai abin da suke yi wa irin waɗannan yara. Mazan nan da kuke jira tare a wajen mai shayi, abin da ya kawo ka shi ya kawo su. Ka fara yi wa ɗaya sallama ka tambayi jikin ɗansa.

Ba zan ce maka Iliyasu zai zama kamar sauran yara ba, wannan sanin na Allah ne. Amma yana da muryar da yake juyowa in ya ji, kada ka bari a raba shi da ita. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara muku haƙuri. Ka gaida mini Bara'atu.