Mutumin da ke ɗakin citta

Fadan Kaje, 4 ga Maris, 1973

'Yata Catherine,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aikin asibiti? Albishirinki! Matar yayanki Rufus ta sauka lafiya, namiji. Na yi rawa har na yar da sandata. Da hannuna nake rubuta miki, karatun manya da nake zuwa da yamma ya yi rana.

Amma akwai matsala. Tun da 'yan fashi suka dame mu, Rufus ya tara maharba da tsofaffin sojoji suna gadin gari. Jiya ya harbi ɗaya daga cikin 'yan fashin, wani Ƙasimu, a cinya, sun ɗaure shi a ɗakin ajiyar citta. Ranar Asabar za su kashe shi. Na ce haramun ne. Rufus ya ce, “Baba, mun tuɓe kaki, wace doka ta san da mu?”

Babanki,
Bartholomew

Kafanchan, 6 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Allah ya raya jaririn. Ka gaya wa Yaya, abin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta koya mana a bakin daga bai ce sai mai kaki ba. Duk mai riƙe da bindiga, in abokin gaba ya faɗi da rauni, magani zai ba shi, hukunci na alƙali ne. Ka wanke ciwon da tafasasshen ruwan gishiri. Ka fito da shi, Baba, ko ta yaya.

'Yarka,
Catherine

Fadan Kaje, 9 ga Maris

Catherine,

Ina gaishe ki. Na karanta musu takardarki, suka yi dariya. Sai na tambayi tsofaffin maharba: naman da ɗa ya harbo, gaban wa ake kaiwa? Suka ce gaban ubansa. Na ce to, harbin ɗana ne, ku ba ni abina. Rufus da kansa ya kwance igiyar, bai dube ni ba.

Wani direba mai suna Zamani zai kawo miki shi da wannan takarda. Ciwon yana wari. Masu gadin sun daina gaishe ni.

Ubangiji ya tsare,
Babanki

Kafanchan, 10 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Ya iso da rai, amma sai an yanke ƙafar. 'Yan sanda sun zo suna tambayar wanda ya harbe shi. Ƙasimu ya ce bai ga fuska ba. Gobe ni za su tambaya. Me zan ce?

Catherine