Baba da Ruwan Hawasha

Daga garin Wad Haddad

Yaya Salih,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Intisar da yara, ya kuma zafin Jidda?

Maganar Baba ce. Tun da muka sayar wa Hisham hawasharmu, Baba bai daina zuwa gonar ba. Da asuba sai ya saɓi fartanya ya je ya buɗe mata ruwa. Makon jiya ya jiƙe wa mutumin alkama har ta kwanta. Ni ke zuwa in lallaso shi kafin in wuce makaranta. Wallahi na gaji, Yaya.

Ƙanwarka,
Hannatu

Yaya Salih,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na bi shawararka na kulle ƙofa. Baba bai yi faɗa ba. Zama ya yi a bakinta da fartanya a cinya, ya ƙi ko shayi.

Ran nan a ajin Ingilishi muka zo kan kalmar habit. Na gaya wa ɗalibai sabo ke nan, abin da jiki ke yi ba tare da shawara ba. Wata ta tambayi asalinta. Na duba ƙamus, ashe daga Latin take, tushenta riƙewa ne, kuma da can har rigar da mutum ke sawa ana kiranta haka. Na kasa ƙarasa darasin. Sai na ji kamar tuɓe tsohon nan muke yi. Ina komawa gida na cire kwaɗon. Kada ka yi fushi.

Hannatu

Yaya Salih,

Ina gaishe ku, Allah ya sa kuna lafiya.

Hisham ya zo gida, ba da rigima ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba Almu, na ba ka izini, ka riƙa zuwa duk ranar da ka so, ni zan toshe ruwan a bayanka." Alheri ya nufa.

Baba ya kalle shi, sannan ya juyo gare ni. "Hannatu, izini ake ba ni a gonata?" Sai kuma ya ce, "To, na gane."

Bai sake zuwa ba. Yanzu ina samun barci, ba mai kawo ƙara. Yana kwance yana kallon bango, abinci sai na matsa masa. Kada ka jira hutu, Yaya. Ka zo.

Ƙanwarka,
Hannatu