Tabarmar Da Na Shimfiɗa Miki A Rana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya kai haske makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ne a inda jama'a za su gani, don abin da na ji ranar Talata ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Inna, ashe ƙona ki muka yi ta yi.

Kin tuna lokacin da fararen tabon nan suka fito miki a bayan hannu da gefen wuya? 'Yan unguwa suka ce albaras ne, wasu har suka daina sayen ƙosanki. Sai ga Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, daga Lajawa da maganinta: a goga lemon tsami a wurin, a zauna cikin rana tsaka har fatar ta koma baƙa. Ta ce ai rana ce take baƙanta manomi, me zai hana ta baƙanta ɗan tabo? Duk gidan muka ce wallahi haka ne.

Ni ce mai shimfiɗa tabarma. Ina 'yar shekara goma sha biyu, da na dawo daga makaranta sai in ja ta daga gindin darbejiya zuwa tsakar gida, in tsaya a kanki kamar ɗan sanda. Inuwa na matsowa, in ce ki tashi in ƙara ja. Wurin ya yi jawur, ya ɗuri ruwa, ya saɓule, mu ce magani ne yake ci. Ke kuwa ba kya cewa komai sai, "Hadiza, bai isa haka ba?" Ni kuma, uwar iya, in ce saura kaɗan.

To, Inna, takwararki Ummi, 'yata ta biyu, shekararta bakwai yanzu. Watan jiya irin tabonki ya fito mata a bayan hannun dama. Ban yi shawara da kowa ba, ai ni gwana ce. Na yanka lemo, na shimfiɗa tabarma. Kwana uku muka yi, a na huɗu hannun ya kumbura ko fensir ba ta iya riƙewa. Ranar Talata babanta ya ɗebe mu daga Wudil sai wajen likitar fata a Kano.

Likitar ta tambaye ni me na sa mata. Na zayyana mata tiryan-tiryan, har da alfahari. Sai ta ajiye biro ta zuba mini ido.

Ta ce wannan baƙin da Allah Ya yi mana a fata shi ne yake kare mu daga rana, kuma farin tabon nan ba shi da shi, rana cin sa take yi kai tsaye. Lemon tsami kuma ƙara wa ƙunar ƙarfi yake yi. Ta ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka a ƙosai ko a gaisawa. Sannan ta faɗi wadda ta tsinka mini zuciya: wurin da fata ta ƙone, sabon tabo yana iya fitowa a nan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan take na ga hannayenki, yadda tabon ya yi ta faɗi shekara da shekaru muna cewa ciwon ne mai taurin kai.

Likitar ta rubuta mana man kariya daga rana. Ni da shekaruna ban taɓa sanin akwai shi don irinmu ba, na ɗauka na Turawa ne. Da muka dawo na fara leƙa wani shagon kayan shafa, mai shagon ya miƙo mini man bilicin, wai in haska sauran jikin yarinyar su daidaita. Da kina nan da kin ji abin da na gaya masa. A kemis na samu na gaskiyar. Yanzu har na iya dubawa: lambar da ke jikinsa kada ta gaza talatin, namu hamsin ne, a duba ranar lalacewarsa, kuma ba a sayen wanda ya wuni a kan tebur cikin rana.

Ana shafawa kafin a fita, a maimaita bayan awa biyu idan ana waje. Alwala tana wanke shi, don haka na sa mata ƙaramar kwalba a jakar Islamiyya, na kuma roƙi malamarsu ta riƙa tuna mata.

Ranar Juma'a Gwaggo Lami ta shigo cin kasuwa, ta tsufa tukuf amma bakin yana nan. Ta ga hannun Ummi, ta ce a kawo lemo. Na ce a'a, Gwaggo. Tunda nake ban taɓa musa mata ba sai ran nan.

Na san ba wannan ne ajalinki ba, Inna. Amma zafin da kika sha a kan tabarmar nan, ni na tsare ki kika sha shi, kuma kin tafi ban san akwai abin da zan nemi gafara a kai ba.

Yau da safe ina shafa wa Ummi man, hannunta a cikin nawa, sak naki har ɗan karkataccen yatsan. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Inna, ki yafe mini" ba. Yarinyar nan ba ta san zancen ba, ta dai saba ina tsokanarta da sunanki. Ta ɗago kai ta ce, "Na yafe." Ta ɗauki jakarta ta fita, ni kuma na zauna a gindin darbejiya na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka ɗauke ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa zafin da kika sha ya zama kaffara, Ya ba ki inuwa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Amin.

'Yarki mai shimfiɗa tabarma,
Hadiza